Tambayoyi da Amsoshi Kan Fina-finan da Aka Ɗauko Daga Almara da Tarihin Girkawan Dā

Waɗannan fina-finai irin su Troy da 300 da Hercules, tarihi ne ko tatsuniya?

Ba ɗaya suke ba, kuma raba su shi ne farkon fahimta. Akwai na almara zalla: Hercules da Perseus da Jason, mutanen da ke kokawa da dodanni suna hira da alloli. Akwai kuma na tarihi, wato 300 da Alexander, waɗanda sarakunan cikinsu sun rayu, an san shekarun yaƙe-yaƙensu, filayen dagar suna nan har gobe. Troy kuwa yana tsakiya, ƙafa ɗaya a nan ɗaya a can.

A ganina darakta yana da damar taɓa almara yadda ya so, domin su kansu masu abin ba su taɓa haɗuwa a kan ruwaya ɗaya ba. Kamar tatsuniyar Gizo ce: yadda ake ba da ita a Kano daban, a Damagaram daban, ba wanda zai ce ɗaya ƙarya ce. Euripides, mawallafin wasan kwaikwayo na birnin Atina, ya rubuta wasa a shekara ta 412 kafin Miladiyya inda ya ce Helen, matar da almara ta ce a kanta aka yi yaƙin, ba ta ma taɓa taka Troy ba, a Masar ta zauna, siffarta kawai aka yi shekara goma ana kashe juna a kai. Amma tarihi yana da masu shi. Idan ka yi wa dodanniya Medusa ƙazafi ba wanda zai yi ƙara. Idan ka yi wa Farisawa, jikokinsu suna nan suna kallo.

An yi yaƙin Troy da gaske?

Birnin dai an yi shi. Kufansa yana wani tudu da ake kira Hisarlik a arewa maso yammacin Turkiyya, kusa da mashigin ruwan Dardanelles. Wani attajirin Bajamushe, Heinrich Schliemann, ya shiga tona shi gadan-gadan a 1871. Garaje ya yi masa yawa: ya tsaga tudun da wani ƙaton rami, ya ratsa ta cikin ainihin garin da yake nema ya lalata sashensa, sannan a 1873 ya tono kayan zinariya ya ce taskar Priam ce, sarkin Troy a almara. Daga baya aka gane zinariyar ta girmi zamanin yaƙin da kimanin shekara dubu.

Masu tono sun tarar da garuruwa tara, kowane an gina shi a kan kufan na gabansa. Ɗaya daga ciki ya ƙone wajajen shekara ta 1180 kafin Miladiyya, an kuma tsinci kawunan kibau a cikinsa. Rubuce-rubucen daular Hittiyawa suna ambaton wani gari Wilusa a wannan yanki, wanda masana da yawa ke ganin shi ne. To, ana iya cewa an yi yaƙi ko yaƙe-yaƙe a wurin. Batun cewa a kan mace aka yi, ko dokin katako ne ya ci garin, wannan daga bakin mawaƙa ya fito, kuma Iliad, waƙar mawaƙin Girka Homer a kan yaƙin, ta zo bayan lamarin da ɗaruruwan shekaru.

Me fim ɗin Troy na 2004 ya canza daga asalin labarin?

Da yawa, amma mafi girma shi ne darakta Wolfgang Petersen ya kori alloli gaba ɗaya. A waƙar Iliad ba abin da ke motsi ba da hannunsu ba. Dubi karon Paris, ɗan sarkin Troy da ya gudu da Helen, da mijinta Menelaus, sarkin Sparta: a waƙar, Menelaus ya kama Paris ta kwalkwali yana jan sa a ƙasa, sai allahiya Aphrodite ta tsinke igiyar kwalkwalin, ta lulluɓe Paris da hazo ta ajiye shi a ɗakin barcinsa. Tunda fim ya cire ta, dole a nemo wata mafita, sai aka sa Paris ya rarrafa ya riƙe ƙafar wansa Hector, shi kuma Hector ya soke Menelaus. Nan labari ya bar hanya, domin a almara Menelaus bai mutu a Troy ba. Ya koma Sparta da matarsa suka ci gaba da zama, har a Odyssey, ɗaya waƙar ta Homer, an nuno su suna karɓar baƙi kamar ba a yi komai ba.

Haka Agamemnon, jagoran rundunar Girkawa. A fim Briseis, wata da aka kamo a yaƙi, ita ce ta caka masa wuƙa. A almara ya koma gida lafiya, matarsa Clytemnestra ta kashe shi saboda 'yarsu da ya yanka kafin a tashi yaƙi. Achilles kuma, babban gwarzon Girkawa, a almara ya mutu tun kafin a ƙera dokin, amma fim ya sa shi a cikin cikinsa. Yaƙin shekara goma ya koma na 'yan makonni. Matar Hector da jaririnsa sun tsere ta wata ɓoyayyiyar hanya, alhali a ruwayar Girkawa daga kan ganuwa aka wurgo yaron, uwar kuma aka tafi da ita baiwa.

Wani abin da mutane ba su cika sani ba: Iliad ɗin kanta ba ta ƙunshi dokin katako ba, ba ta kuma kai ga mutuwar Achilles ba. Kimanin kwana hamsin kawai ta ɗauka daga shekara ta goma, ta tsaya a jana'izar Hector. Labarin doki yana cikin Odyssey da kuma Aeneid ta Virgil, mawaƙin Rumawa.

Duk da haka akwai wurin da fim ɗin ya riƙe amana, kuma shi ne wuri mafi kyau a cikinsa. Tsoho Priam, wanda Peter O'Toole ya fito a matsayinsa, ya saɗaɗa cikin dare har tantin Achilles, ya durƙusa ya sumbaci hannayen da suka kashe masa ɗansa Hector, ya roƙi gawa. Wannan daga babi na 24 na Iliad aka ɗauko shi kusan yadda yake. Ba amon takobi, ba dubban dakarun kwamfuta, tsoho ne kawai da makashin ɗansa a tanti, amma ya fi duk gumurzun fim ɗin nauyi.

Ƙananan abubuwa biyu ga masu son irinsu. Kuɗin da ake ɗora wa gawa a ido a fim ɗin kuskure ne, don ba a fara buga tsabar kuɗi ba sai ƙarni na 7 kafin Miladiyya, a ƙasar Lydia. Sannan Brad Pitt, mai fitowa a Achilles, ya ji rauni a agara ana cikin ɗaukar fim ɗin, daidai inda almara ta ce nan ne lagon gwarzon. An ɗauki fim ɗin a Malta da Meziko da Ingila, dokin kuma yanzu yana bakin teku a garin Çanakkale na Turkiyya, 'yan yawon buɗe ido suna ɗaukar hoto da shi.

Da gaske mutum 300 ne suka tare rundunar Farisa?

A'a. Yaƙin Thermopylae na shekara ta 480 kafin Miladiyya an yi shi, Sarki Leonidas ya mutu a can da mutanensa 300 na Sparta, amma ba su kaɗai ba ne. Girkawan da suka tare matsatsin tsakanin dutse da teku sun kai kimanin 7,000 daga garuruwa daban-daban. Da wani mutumin yankin mai suna Ephialtes ya nuna wa Farisawa ɓarauniyar hanya ta bayan dutse, Leonidas ya sallami mafi yawan rundunar. Waɗanda suka tsaya a rana ta uku sun haɗa da mutum 700 na garin Thespiae da 400 na Thebes, ban da bayin Sparta. Mutanen Thespiae ɗan ƙaramin gari gare su, sun ƙi tafiya don kansu, sun mutu a wurin, amma suna ya tafi ga Sparta.

Ɓangaren Farisa kuma, Herodotus, marubucin tarihi na Girkawan dā, ya ce sojan ƙasa kaɗai 1,700,000 ne, idan aka haɗa da na ruwa da masu hidima an haura miliyan biyar. Masana na yau galibinsu ba sa kai adadin sama da 300,000.

Abin mamaki, kalaman fim ɗin da suka fi kama da ƙirƙira su ne masu asali. Herodotus ya ruwaito cewa an gaya wa wani Basparte, Dienekes, cewa kiban Farisa za su rufe rana, ya ce madalla, sai a yi faɗan a inuwa. Wani marubucin, Plutarch, ya kawo amsar Leonidas da aka ce ya miƙa makamai: a zo a karɓa. Jefa manzannin Farisa a rijiya ma an yi, sai dai a zamanin Darius ne, mahaifin Xerxes sarkin Farisa da ya kawo harin, kimanin shekara goma kafin wannan yaƙi. Akwai wani hoto a Herodotus da na fi so: ɗan leƙen asirin Xerxes ya hango Spartawa a gaban katanga, wasu na motsa jiki, wasu na taje doguwar sumarsu. Sarki ya ɗauka shashanci ne, sai aka gaya masa al'adarsu ce su gyara gashi idan za su fuskanci mutuwa.

Inda fim ya yi gaban kansa shi ne shiga. Sojan Girka ba ya fita daga da ƙirji a waje. Sulken tagulla ko na lilin mai kauri yake sawa, ga kwalkwali, ga kariyar ƙwauri, ga garkuwa mai nauyi. Ƙarfinsu a sahu yake, garkuwar kowa tana kare na hagunsa, wanda ya ɓalle don nuna bajinta ya cuci 'yan'uwansa. Shi kuwa Leonidas ana ƙiyasin ya kai shekara 60 a lokacin. Daraktan fim ɗin, Zack Snyder, bai ɓoye ba cewa littafin zanen Frank Miller na 1998 ya bi, ba Herodotus ba, kuma kusan duk fim ɗin a cikin ɗaki aka ɗauke shi a Montreal, kwamfuta ta cike sauran.

To me ya sa mutanen Iran suka fusata da shi?

Saboda yadda aka siffanta kakanninsu. Xerxes da ke sassaƙe a jikin duwatsun Persepolis basarake ne mai gemu da doguwar riga. Na fim kuwa wani zabgegen mutum ne mai aski ƙwal, tsirara sai sarƙoƙi da huje-huje, dakarunsa kuma dodanni ne masu ruɓaɓɓiyar fuska. Da fim ɗin ya fito a 2007, lokacin da ake zaman doya da manja tsakanin Amurka da Iran, jami'an gwamnatin Iran sun fito sun yi tir da shi.

Ni ma ina ganin suna da hujja. Fim ɗin yana ta nanata cewa Sparta 'yanci take karewa, alhali ƙasa ce da ta rayu a kan gumin bayin da ake kira helot, waɗanda suka ninka 'ya'yan gari yawa, har mahukunta kan shelanta yaƙi a kansu duk shekara don kashe su ya zama ba laifi. Ephialtes ma lafiyayyen mutum ne da kwaɗayin lada ya ja. Fim ya mai da shi mai doro, kamar dai mummunar halitta ita ce alamar cin amana. Su kuma ephor, waɗanda aka nuna a matsayin kutaren bokaye a kan dutse, mahukunta biyar ne da ake zaɓa duk shekara.

Malam, Iskandar na fim ɗin Alexander shi ne Zulƙarnaini na Suratul Kahfi?

Malamai sun saɓa. Wasu, irin su Fakhruddin al-Razi, sun karkata ga cewa shi ne, ganin yadda mulkinsa ya kai gabas da yamma. Ibn Kasir ya raba su, ya ce Zulƙarnaini bawan Allah ne mumini da ya rigayi Iskandar na Makidoniya, wato na fim ɗin, da zamani mai tsawo. A ƙarni na 20 malamin Indiya Abul Kalam Azad ya ce ya fi kama da Sarki Cyrus na Farisa. Abin da tarihi ya tabbatar game da na Makidoniya shi ne yana yanka wa allolin Girka, kuma bayan ziyararsa zuwa Siwa a hamadar Masar ya yarda a kira shi ɗan Zeus-Ammon. Saboda haka kada mai kallo ya ɗauki fim ɗin a matsayin ƙissar Alƙur'ani.

Shi fim ɗin Alexander ɗin, ya kyautu?

A wajen bin tarihi ya fi 300 nesa ba kusa ba, a wajen daɗin kallo kuwa ya gaza. Darakta Oliver Stone ya ɗauki masanin Oxford, Robin Lane Fox, a matsayin mai ba da shawara, shi kuma ladan da ya nema shi ne a bar shi ya hau doki a sahun gaba na barade. Yaƙin Gaugamela na shekara ta 331 kafin Miladiyya, wanda aka yi a arewacin Iraƙi ta yau, ya fito da kyau: ƙura ta turnuƙe, sahun masu dogayen māsu na tafiya kamar katanga, Iskandar na jan dawakai dama kafin ya karyo tsakiya. Amma yaƙinsa da Sarki Porus a bakin kogin Jhelum a 326 an mai da shi cikin kurmi, an kuma ɗora masa raunin kibiyar da ya samu daga baya a wani gari daban. Mutumin da ya hau gado yana da shekara 20, ya mutu a Babila yana da 32, rayuwarsa ta fi ƙarfin awa uku. Stone ya sake yanka fim ɗin har sau uku bayan fitowarsa a 2004, alamar shi ma bai gamsu ba.

Masu son fim ɗin Indiya su nemi Sikandar na 1941, na Sohrab Modi, inda Prithviraj Kapoor ya fito a Iskandar. A can Porus ne abin alfahari.

Me ya sa kullum Hades ne bos?

Don fim yana buƙatar mugu, kuma masu shirya shi sun ɗauko siffar Shaiɗan sun jingina masa. A wurin Girkawa Hades mai tsaron lahira ne kawai, mai tsanani, amma ba ya neman kifar da ɗan'uwansa Zeus kamar yadda Hercules na Disney na 1997 da Clash of the Titans na 2010 suka nuna.

Na Disney ɗin ya wanke labarin tas saboda yara. Ya mai da Hera uwa mai ƙauna, alhali a almara ita ce babbar maƙiyiyar gwarzon, don mijinta Zeus ya haife shi da wata mace 'yar Adam, Alcmene. Hera ce ta haukatar da shi har ya kashe 'ya'yansa da hannunsa, ayyuka goma sha biyun da ya shahara da su kuwa kaffarar wannan kisa ce. Wanda ya cire wannan ya bar ƙato mai damtse kawai.

Gladiator da Spartacus fa?

Na Rumawa ne. Spartacus ma ba mutumin Sparta ba ne, daga Thrace ya fito, ya jagoranci tawayen bayi a Italiya daga shekara ta 73 zuwa 71 kafin Miladiyya.

Kafin zuwan kwamfuta, yaya ake yin dodannin?

Da hannu, da haƙuri. Gwanin wannan sana'a shi ne Ray Harryhausen. Yakan ƙera 'yar tsana mai gaɓoɓin ƙarfe, ya ɗan motsa ta, ya ɗauki hoto ɗaya, ya sake motsawa, ya sake ɗauka. Hoto 24 ne ke ba da daƙiƙa ɗaya. A Jason and the Argonauts na 1963 akwai inda ƙwarangwal bakwai suka tsiro daga ƙasa da takubba suka far wa mutum uku. Kowane ƙwarangwal sai an motsa masa kai da hannaye da ƙafafu a kowane hoto, kuma saran ya dace da na 'yan wasan da aka riga aka ɗauka. Wannan fage na 'yan mintuna ya ci masa wata huɗu da rabi. Har yau idan ƙaton mutum-mutumin tagulla Talos ya juyo da kai yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa, tsigar jiki na tashi, abin da dodannin kwamfuta da yawa suka kasa.

Fim ɗinsa na ƙarshe shi ne Clash of the Titans na 1981. Dodon ruwan cikinsa, Kraken, ba na Girka ba ne, aro ne daga almarar mutanen arewacin Turai.

Akwai Afirka a cikin waɗannan labarai?

Akwai, fina-finai ne ba su cika nunawa ba. Andromeda da Perseus ya ceto 'yar sarkin Aithiopia ce, sunan da Girkawa ke kiran ƙasashen baƙar fata na kudu da Masar, amma Turawa ake ba matsayinta. Akwai kuma Memnon, sarkin wannan ƙasa, wanda ya kawo wa Troy gudummawa bayan mutuwar Hector, ya gwabza da Achilles. Fim ɗin 2004 bai ambace shi ba. A 2018 shirin BBC mai dogon zango, Troy: Fall of a City, ya ba David Gyasi, ɗan asalin Ghana, matsayin Achilles, Hakeem Kae-Kazim haifaffen Legas kuma ya fito a Zeus, aka yi ta cece-kuce a intanet.

A dandalin wasan kwaikwayo kuwa marubutan Najeriya sun daɗe da ɗaukar labaran suna sa musu rigar gida. Ola Rotimi ya mai da labarin Oedipus ƙasar Yarabawa a The Gods Are Not to Blame, wanda ɗalibai da yawa suka karanta a sakandare, Femi Osofisan kuma ya ɗora kukan matan Troy a kan faɗuwar garin Owu.

Ya dace a bar yara su kalla, ga alloli ga tsiraici?

Hukunci na malamai ne, a tambaye su. Ta fuskar abin da ke ciki dai, 300 da Troy da Alexander ba na yara ba ne: akwai jini, akwai tsiraici. Percy Jackson da Hercules na Disney ba su da wannan, amma gaba ɗayansu a kan 'ya'yan alloli aka gina su, don haka yaro yana buƙatar babba a kusa da zai gaya masa cewa wannan camfin wasu mutane ne da suka shuɗe. Magabata ma sun yi irin wannan tacewa. A zamanin Abbasiyawa an fassara likitancin Girka da lissafinsu da falsafarsu zuwa Larabci a Bagadaza, amma aka bar waƙoƙin allolinsu. Sai a 1904 Sulaiman al-Bustani ya fitar da cikakkiyar Iliad da Larabci a Alƙahira.

Wanne za a fara da shi idan ana son ɗanɗanon labarin na asali?

Iphigenia na 1977, na Michael Cacoyannis. Da harshen Girka aka yi shi, sai an bi rubutun fassara a ƙasa, kuma ba dodo ko ɗaya. Jiragen yaƙi sun maƙale a Aulis babu iska, runduna ta fara gunaguni, boka ya ce sai Agamemnon ya yanka 'yarsa. Ya aika a kawo ta da sunan za a ɗaura mata aure da Achilles, uwarta ta rako ta da kayan biki. Irene Papas ce uwar. Wanda ya ga fuskarta a ƙarshen fim ɗin ba zai sake tambayar dalilin da ya sa Clytemnestra ta jira mijinta shekara goma da makami ba.

Daga nan sai labarin Odysseus, sarkin tsibirin Ithaca kuma gwarzon waƙar Odyssey, wanda ya fi kowane yawan fina-finai masu kyau. Akwai Ulysses na 1954 da Kirk Douglas, akwai na talabijin na 1997 da Armand Assante, wanda ya fi bin waƙar daki-daki. 'Yan'uwan nan Coen sun kwashe labarin sun kai shi jihar Mississippi ta 1937 a O Brother, Where Art Thou?, inda dodo mai ido ɗaya ya zama ɗan damfara mai tallar Littafi Mai Tsarki. The Return na 2024, da Ralph Fiennes da Juliette Binoche, ya tsallake dukkan tafiyar teku ya fara daga ranar da mutumin ya faɗo gaɓar Ithaca, tsoho, a jigace, bayan shekara ashirin, ba ko ɗaya daga cikin mutanen da ya tafi da su. A ƙarshen 2024 kuma aka sanar cewa Christopher Nolan zai yi nasa, daga baya aka bayyana Matt Damon a matsayin Odysseus.

Mai kallo ya sani cewa ƙarshen waƙar ya fi na yawancin fina-finan ɗaci. Odysseus da ɗansa Telemachus sun kulle ƙofofi sun kashe manema matarsa su 108, sannan aka sa kuyangi goma sha biyu da ake zargi da hulɗa da su suka kwashe gawarwakin suka wanke jinin, bayan sun gama Telemachus ya rataye su a igiya ɗaya a tsakar gida.